Muryar da ta ce mini Mama

Ni mace ce da ba ta iya haɗiye magana. A wani ƙauye na wajen Dogo-Dogo nake zaune, ina tuyar ƙuli-ƙuli ina sayar da man gyaɗa, maigidana ya rasu, kuma sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da iya karanta nimero a kan salula ba, kaina kuwa ya yi girma. Duk wanda ya yi mini bip, wato ya kira ya katse, na san shi ko ban san shi ba, sai na kira na ji dalili. In ya kawo raini in wanke shi tas. A ganina wayewa ke nan.

Bayan girbi wata nimero ta Najeriya ta fara kirana. Namiji ne, wai wata Hajiya mai atamfa yake nema. Na ce ba ita ba ce. Ya sake kira, ya kuma sakewa. Maimakon in kashe, sai na tsaya yi masa faɗa. Na ce ni ba sa'ar wasansa ba ce, na haifi wanda ya girme shi, ɗana na fari yana Kano yana tuƙa babbar mota, in ya ƙara damuna zan sa a nemo shi duk inda yake. Ya yi dariya ya ba ni haƙuri, har ya tambayi garinmu, ni kuwa na faɗa masa da gadara. Na ajiye waya ina jin na yi maganinsa. Ashe gidana na kwashe kaf na zuba masa a hannu.

Ranar wata kasuwa da hantsi, ina cikin matsar mai, wata baƙuwar nimero ta shigo. Mai maganar ya ce shi ma'aikacin asibiti ne a hanyar Kano, motar ɗana ta kife, an kawo shi jina-jina, wayarsa ta farfashe. In ba a yi masa aiki kafin azahar ba, sai dai haƙuri, kuma ba za a taɓa shi ba sai an biya. Ya ambaci ƙauyenmu. Ya ce in faɗi sunan yaron don ya tabbatar ni ce uwarsa. To ɗan fari ne, kuma sunan surukina yake ci, tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Na ce mai sunan Malam. Nan take ya ce ƙwarai shi ne. Da hankalina yana jikina, a nan zan gane bai san kowa ba. Amma uwa da aka ce ɗanta yana zubar da jini ba ta da hankali.

Karsana guda gare ni, ita ce duk abin da na tara a rayuwa. Na kwance ta zan kai wa dillali, mutumin yana ta kira, yana cewa kar in ɓata lokaci wajen gaya wa kowa. A ƙofar gida taurin kaina ya motsa, na ce ba zan ƙara taku ba sai na ji muryar ɗana. Ya ce ga shi. Sai na ji wata murya a shaƙe tana nishi, tana cewa Mama ki taimake ni, Mama zan mutu.

Na tsaya da igiya a hannu. Ɗana a ɗakin mahaifiyata ya tashi tun daga yaye, cikin ƙannena. Abin da suke kirana shi ya tashi yana kirana. Yaya yake ce mini, har yau da yake da gemu da iyali. Na kwantar da murya na tambayi mai nishin wa yake kira. Ya ce ke mana, Mamata. Na ce ya koma ya nemi wadda ta haife shi, ya gaya mata ta yi asara. Sauran abin da na faɗa ba na rubutawa ba ne.

Duk da haka ina cewa a raina ko azaba ce ta juya masa harshe. Na faɗa gidan maƙwabciyata mai layin Najeriya, ta kira mini ɗana. Ya ɗauka da abinci a baki, ana ta hayaniyar tasha a bayansa. Da ya ji ni ya ce Yaya lafiya, don ya san ba na kiransa haka kawai. Duk bakin nan nawa, abin da na iya shi ne na tambaye shi ko ya ci abinci. Na miƙa mata wayar na zauna a ƙasa jikin turmi, ina dariya hawaye yana zuba. Ita ta ba shi labari.

'Yan'uwana mata, musamman irina masu zafin baki, ɓarawon waya ba ya jin zafin zagi, saurarenki yake yi. Duk kalmar da kika jefe shi da ita tsincewa yake, ya dawo miki da ita ranar da ba ki shirya ba. Nimeron da ba ki sani ba, kar ki bi ta da kira, kar ki faɗi garinku, kar ki yi barazana da 'ya'yanki. In an ce naki yana cikin hatsari, kashe wayar ki nemi naki da kanki kafin ki kwance ko akuya. Ni Allah ya rufa mini asiri ne da kunyar da iyayenmu suka bar mana, ba da wayona ba. Ki bar mai kira ya fara magana, ki ji da wane suna zai kira ki.