Ranar da Goggo Ta Bi Ni Neman Malanta

Sau biyu ina neman gurbin nan ana mayar da ni. Wata makarantar 'yan mata ce mai zaman kanta a hanyar Abhur, a nan Jidda, tana ɗaukar waɗanda suka gama jami'a ta horar da su koyarwa a cikin aji. Shekara guda za ki yi tare da gogaggiyar malama, kina kallon yadda take yi, tana kallon yadda kike yi, in kin ci a ba ki aji naki. Ni kuwa na gama digirina na Larabci, na yi shekara uku ina buga takardu a wani ofis a unguwar Bagdadiyya har ofishin ya rufe, na dawo gida unguwarmu Sa'alaba na zauna. Malanta nake so tun ina 'yar mitsitsiya, ba don na rasa abin yi ba. Da na cike takardar karo na uku, na faɗa wa kaina cewa in aka sake mayar da ni, halas, shi ke nan, na haƙura da ita har abada.

A takardar akwai wani fili mai faɗi da aka ce ki rubuta gogewarki a koyarwa da abin da ya sa kika cancanta. A nan nake maƙalewa kullum. A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi mahaifina, kakanninmu ne suka zo aikin hajji suka zauna, amma tarbiyyar gidanmu ta ƙasar Hausa ce: yabon kai jahilci. Yaya zan zauna in cika shafi da na iya kaza, na fi wance kaza? Sai na rubuta "babu" a wurin gogewa, na ƙara layi biyu cewa ina son yara, na tura.

Aka kira ni ganawa. Ranar da zan je, na fito da safe na tarar da Goggo a bakin ƙofa ta riga ni shiri. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ta sa abayarta ta zuwa biki, ga kular dambun nama a hannu.

Na ce, "Goggo, ina za ki?"

Ta ce, "Inda za ki."

"Haba Goggo, ganawa ce fa, ba suna ba."

"Ke 'yar nan, a ina kika taɓa ganin yaro ya je neman abu mai girma da bakinsa alhali manyansa na raye? Manya ake turawa su roƙa. Sau biyu kin je ke kaɗai kamar marar dangi, me kika dawo da shi? Yalla, kira motar."

Wallahi raina ya ɓaci. Amma wanda ya san Goggo ya san gardama da ita ɓata yawu ne. A cikin mota na yi ta lallashinta har ta yarda za ta zauna a bencin bakin ƙofar makarantar, ba za ta shiga ba. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce kunyarta nake ji. Ba na so a gan ni da tsohuwa mai kula a hannu, mai Larabcin da rabinsa Hausa ce.

Ganawar ba ta yi daɗi ba. Mudira, wato shugabar makarantar, wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da fara'a ba ta kuma da wulaƙanci. Ta yi mini tambayoyi, na amsa kaina a sunkuye. Sannan ta kai ni ajin 'yan shekara shida ta ce in koyar da su harafi ɗaya cikin minti goma. Idanun yaran nan duk suka dawo kaina. Na juya musu baya, na kama allo ina yi masa bayani da Larabcin jami'a. Wata ta fara tsifar kitson ƙawarta, wata ta kifa kai a tebur. Da muka fito mudira ta ce, "Za mu kira ki." Na san wannan maganar, na taɓa jin ta sau biyu.

Muna karya kwana zuwa ofishinta, sai ga Goggo a tsaye a baranda. Hannunta babu kula. Daga baya na ji mai gadi ta miƙa wa, ya buɗe mata ƙofa har da rakiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Goggo ta yi sallama, ta gaishe da mudira gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ta ce da Larabcinta, "Ya Ustaza, ni ce uwar yarinyar nan. A wurinmu yaro ba ya roƙo da bakinsa, shi ya sa na zo. Alfarma nake nema."

Mudira ta ce cikin ladabi, "Ya Hajja, a nan ba da roƙo ake ɗauka ba, da cancanta ne."

"Tayyib," in ji Goggo. "To tsaya ki gani."

Ta matsa jikin bango inda aka manna wata sanarwa, ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta fara karantawa da ƙarfi. A hankali take yi, harafi bayan harafi, ta yi tuntuɓe a wata kalma ta koma ta gyara da kanta. Sanarwar wanke hannu kafin cin abinci ce kawai, amma sai da ta kai ƙarshenta. Ta juyo ta ce, "Na haura sittin ban san komai a takarda ba sai dangwala yatsa. Maganin sukarina ma sai na jira wani ya dawo ya duba mini. Wannan da kike gani tsaye kamar an dasa ta, ita ta koya mini. Kuma ba ni kaɗai ba, mu bakwai ne."

Ban ambaci wannan tun farko ba saboda ni kaina ban ɗauke shi a bakin komai ba. Tun da na zauna a gida, kullum da hantsi ƙawayen Goggo suke taruwa a falonmu a ƙarƙashin fanka, tsofaffi, wasu haifaffun nan, wasu 'yan Nijar da Chadi. Hantsi ne kaɗai lokacinsu, don da rana jikoki sun dawo, da yamma kowace tana kan sana'arta. Da kwalayen magani muka fara, don shi ne damuwarsu.

Mudira ta cire tabarau ta dube ni. "Kin rubuta mini babu a wurin gogewa."

Na ce, "Ustaza, ai wannan ba koyarwa ba ce. Gida ne kawai."

"Shekara nawa?"

"Biyu da wani abu."

"Da me kike koya musu?"

Kafin in buɗe baki Goggo ta karɓe. "Da faranti da gari! Mu tsoron biro muke ji, in ka yi kuskure a takarda yana nan yana kallonka. Sai ta zuba gari a faranti ta ce mu rubuta da yatsa, in ya karkace ka shafe da tafin hannu, ba wanda ya gani."

Mudira ta mayar da tabaraunta. Sannan ta ce roƙon Hajja ba zai ba ni gurbi ba, amma zai ba ni wasu minti goma. Ta sa aka kawo farantai daga kicin, aka ɗebo yashi daga filin wasa. Goggo kuwa ba wanda ya gayyace ta, ta bi mu ajin ta zauna a ƙasa a can baya, ta miƙe ƙafa.

Da na ga ta zauna a ƙasa, sai na ce wa yaran su ma su sauko. Na zauna a tsakiyarsu kamar yadda nake yi a falonmu. Na rubuta harafin a yashi, na ɓata shi da gangan, na ce, "Kai, na yi kuskure, wa za ta taimake ni?" Hannuwa suka tashi. Mai tsifar kitson nan ita ta fara shafe nawa ta zana nata. Wata ta yi nata, cikin harafin ya yi ƙato, muka yi dariya, ta shafe ta sake. Na manta da mudira sam, har sai da ta taɓa kafaɗata ta ce lokaci ya wuce tun ɗazu.

A ofis ta miƙo mini sabuwar takarda ta ce in cike filin nan da gaskiya, a gabanta. Na cika shafin har na juya baya. Ta karanta, ta ce horon zai fara ranar Lahadi, ƙarfe bakwai saura na safe zuwa bayan azahar, kullum ban da Juma'a da Asabar, kuma kada in ɗauka da sauƙi, don juya wa aji baya da na yi sai an yi aiki a kansa. Na ce na ji. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

A mota na kasa kallon Goggo, hawaye na zubo mini. Na ce, "Goggo, ki yafe mini. Ajiye ki na yi a bakin ƙofa don kada a gan ki."

Ta ce, "Ai na sani. Yaro man kaza ne. Rufe mana baki kada ki jiƙa mini abaya."

Mun kusa gida sai lissafin ya faɗo mini. Bakwai saura zuwa bayan azahar, kullum. Hantsinmu ya tafi ke nan. Biyu daga cikin tsofaffin ko rabin haruffa ba su kai ba, ita kanta Goggo burinta ta karanta saƙon waya ba tare da ta nemi kowa ba, kuma da saura.

Na ce, "Goggo, karatunku fa? Da hantsi ba na nan."

Ta ci gaba da kallon titi ta taga. Ta ce, "Kina tsammani sai yanzu na sani? Tun ranar da aka kira ki muka zauna mu bakwai muka yi maganar, su suka ce in zo. Asabar ta ishe mu, mu lallaɓa. Ke dai je ki. Waɗancan yaran sun fi mu sauran kwana."