Ƙullin Bahago a Babur ɗin Ƙanena

A shekarun da nake tuƙa taraktar wani Alhaji a Rano, ina jan tirela ina ɗebo taki da amfanin gona tsakanin ƙauyukanmu da na Kibiya, wani abu ya same ni wanda har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Wallahi ba ji na yi ba, gani na yi, kuma ban cika son ba da labarin ba, domin ya shafi ƙanena Sabo, Allah Ya ji ƙansa.

Sabo ɗan acaɓa ne. Ciwo ya kama shi a ƙauyen Kahu, ya bar babur ɗinsa a gidan abokinsa Habu, aka wuce da shi asibiti, daga can bai dawo ba. Ya bar mata da yara ƙanana a Yalwa ta ƙasar Rano, kuma in ban da babur ɗin nan bai bar musu komai ba. Bayan sadakar arba'in na je ɗaukowa. Ya sha ajiya, ya ƙi tashi, sai na ce a ɗora shi a tirela.

Tun daga gaisuwa ban yarda da Habu ba. Ya ce, "Yaya, hanyar nan za ta wahalar da shi. Ka bar mini shi mana, mu yi ciniki a mutunce." Na ce kayan marayu ne, ba ni da bakin sayarwa. Sai ya ce to shi ma Rano za shi, in rage masa hanya. Raina ya ba ni so yake babur ɗin ya faɗi ya ɓaci, ya saye shi a wulaƙance, don haka ban bari ya sa hannu a ɗaurin ba.

Ni kaɗai na kafe shi a kan jak, wato ƙafar da yake tsayawa a kai, na sa bel mai ƙugiya ta dama da hagu, na maƙala a zobban ƙarfe na jikin tirela, na ja har ya yi tsam. Ina yi ina tuna yadda Sabo yake yi mini tsiya: "Yaya, kai buhu ka iya ɗaurewa. Ba a ɗaure babur a kan jak, a miƙe ake danne shi, a ɗaure birkin gaba da roba." Bahago ne, ƙullinsa a juye yake zuwa, yakan kuma cusa jelar ƙullin ta ƙasa. Duk gidanmu ba mai irinsa.

Muka taso bayan azahar, rana tarwai. Habu na zaune a gefena a kan tarakta, idona ɗaya a hanya, ɗaya a kansa. Damina ta cinye hanyar, muka zo wani kwari, tirela ta yi tsalle, na ji ƙarfe ya ce ƙas. Na waiga, babur na tsaye. Na haura na tsaya, na hau in duba.

Zoben hagu ya ɓalle, ga guntunsa a ƙasa. Amma bel ɗin an zagaya shi a ƙarfen gefen tirela an ƙulle, ƙulli a juye, jela a cushe ta ƙasa. Jak a ɗage yake. Birkin gaba a ɗaure da roba, robar da ban zo da ita ba.

Na juya kan Habu, na ce, "Yaushe ka taɓa shi?" Ya ce, "Haba Yaya, tun Kahu na motsa daga gefenka?" Ya leƙo ya ga ƙullin, sai ya yi salati a hankali, ya samu gefen hanya ya zauna. Ashe shi ma ya san shi. Duk da haka ban saki zargina ba, na shiga cikin dawa ina neman wanda ya ɗaure masa gindi, na bi ƙasa ina duba sawu, ƙasa ce mai laima, ba komai sai shatin tayoyinmu.

Da muka isa Yalwa, matar Sabo ta fito bakin zaure, ta dubi ɗaurin ta daɗe, ta ce, "Yaya, wa ya ɗaure wannan?" Na kama jelar na ja sau ɗaya, ƙullin ya warware, kamar yadda nasa yake yi. Ta koma ciki.

Na san wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma ban ce Sabo ne ba. Habu bai ƙara maganar ciniki ba, ni kuma har yau ban san ko na ɗauki alhakinsa ba. Babur ɗin ya isa lafiya, shi ya ciyar da yaran.

In za ku ɗauki babur, kada ku ɗaure shi a kan jak, ku duba inda kuka maƙala ƙugiya. In kuwa kayan maraya ne, ku riƙe shi da tsoron Allah, domin ba ku kaɗai kuke kallonsa ba. Robar nan tana wurina. Nakan ɗauko ta in duba, in mayar.