Harbi a Ƙauyenmu na Ingila

Jama'a, yau an yi harbi a ɗan ƙauyen nan namu na Ingila!

Ina shanya da hantsi, sai na ji dum daga gona. Aka sake! 'Yar Moriki irina, da ta san 'yan bindiga, ba ta jiran na uku. Na sungumi ɗiyata Nana, ko takalmi babu, sai shagon garin, wanda shi ne gidan waya, shi ne wurin shan shayi.

Na ce wa tsohuwa mai shagon, "Mama, rufe ƙofa, sun shigo!"

Ta ce, "Su wa?"

Aka ƙara harbawa. Ko kofinta ba ta ajiye ba. Wai inji ne manomi ya kafa yana korar tsuntsaye. "Ku ba ku da irinsa a can?"

Na ce, "Akwai, Mama. Mu ne dai tsuntsayen."