Atilin da Aka Karrama Ni da Shi

Har yau ban manta da ranar da Dakta Folake ta kira ni ofishinta ta ce in turo ƙofa ba. Lokacin saura mini shekara biyu in ajiye aikin gandun daji a Jos. Ni ne mai kula da filin gwaji: ni ke tattaro iri, ni ke renon dashe, ni ke auna tsayi da kaurin kowace bishiya in rubuta. Ita kuwa masaniyar ƙwayoyin gado ce, sabuwar zuwa, sa'ar 'yata ta fari, amma dai oga ce.

Ga wanda bai san aikin ba, idan ana son inganta bishiya ba a ɗibar iri daga uwa ɗaya. Ana zaɓen uwaye da yawa masu nisa da juna, a ba kowace lamba, a shuka 'ya'yanta a layinsu daban, sannan a zuba ido shekara da shekaru a ga wace zuri'a ta fi saurin girma, wace ta fi jure cuta. In duk dangi ɗaya ne, babu abin zaɓa, kuma cuta ɗaya ta isa ta kwashe su.

Shekara bakwai kafin wannan rana, ni aka tura ƙauyuka uku wajen Pankshin in kawo irin atili daga uwaye talatin. Atili doguwar bishiya ce, hawanta sai masu ita, ni kuma gwiwa ta riga ta fara ba ni wahala. Don haka a kowane gida sai in shafa wa bishiya lamba da jan fenti, in miƙa wa maigida buhu mai irin lambar, a ba ni kujera da kunu a inuwa. Zuwa la'asar a kawo buhu cike, in ɗaure, in sa hannu. Aka shuka layi talatin. Shekara bakwai ina tasowa daga unguwarmu Nasarawa Gwom da sassafe saboda su, da rani har da jarka muke ba su ruwa in famfo ya ƙi.

Da Dakta ta zo, sai ta sa muka tsinki ganye daga kowane dashe, muka busar, aka aika ɗakin gwaji. Akwai na'urar da ke karanta gadon da ke cikin ganye ta faɗi wa ya haɗa uwa da wa. Ni dai a raina na ce, ga wani sabon iyayi kuma.

Ranar ta ɗora takarda a gabana. "Baba Sabo, da idonka ka ga an sauko da irin nan daga kowace bishiya?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni na ɗaure buhunan da hannuna."

"Ba ɗaurin na tambaya ba. Takardarka ta ce uwa talatin. Gwaji ya ce uku."

Raina ya ɓaci. Na ce tun ba ta shiga firamare ba nake wannan aiki, na'urar ce ta rikice. Ba ta yi musu da ni ba, ta sa aka sake gwajin. Uku ya sake fitowa.

Muka kama hanya tare. A ƙauyen farko muka sami Baba Dakup, dattijon da ya zaga da ni gida-gida wancan karon. Na tambaye shi yadda aka cika mini buhuna. Ya yi dariya, ko a jikinsa.

"Oga, kai baƙon gwamnati ne. Wannan itace na bayan gidana, 'ya'yansa ƙanana ne, ba shi da mai. Yaya za mu ba ka shi? Kunya ne ai! Duk mun aika an ɗebo maka na gidan Mama Nanret. Shi ne mai daɗi a garin nan gaba ɗaya."

Ya tsaya yana kallona, yana jiran godiya. Na yi masa godiyar, don me zan ce? Haka muka tarar a sauran ƙauyuka biyun, kowanne da bishiyarsa ta alfahari. Ban ji haushinsu ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda zama ba ya maganinta.

Dakta ta ce tunda lambobin suna nan, mu sake ɗiba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da ɗaya muka samu a tsaye. Tara an sare an yi katako, saboda su ne marasa daɗin da ba mai kewarsu, kuma wataƙila a cikinsu mai jure cutar da muke nema take. Ba mu da hanyar sani kuma.

A mota ta tambaye ni me za ta rubuta a rahoto. Na ce ta rubuta yadda aka yi, da sunana. Ta rubuta, aka ba ni takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a aikina. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Abin da nake gaya wa matasan da ke shigowa aikin shi ne, mutanenmu ba za su cuce ka ba, karrama ka za su yi, kuma a wannan sana'a karramawar ma tana iya ɓata aikin shekara bakwai. Ka yi musu bayani tun farko cewa har marar daɗin kake so, kuma ka tsaya a gindin bishiya sai iri ya sauko a gabanka. Karo na biyu haka na tsaya, wuya a ɗage, sau ashirin da ɗaya.

Da muka zo shuka sabon filin, ma'aikata suka ce a matso da layuka a cike gurbin uwayen da aka sare. Na roƙi Dakta a bar su yadda suke, ta yarda. Duk wanda ya je yau zai ga layi tara babu komai a kai sai ciyawa.