Ka Saki Wuyansa, Badaru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 12 ga Maris, 2013, Allah Ya karɓi ran maigidana Badaruddeen Nababa, wanda 'yan kallo ke kira Dutsen Mpape, a gadon asibiti a nan Abuja. Tun ranar Asabar da aka fitar da shi a sume daga kejin faɗa bai sake buɗe ido ba. Ni ne Mubarak, mai riƙe masa ruwa da tawul. Ina wurin, kuma na ga komai.

Yaya Badaru, a wurin fasa dutse na fara saninka, kana ɗaga abin da mu uku muke ja da nishi. Da yamma sai ka share fili a bayan shagon Mama Justina mai tuwo, ka zuba yashi, ka koya mana kokawar da ka taso da ita daga Katsina. Duk wanda ka kayar, kai ne mai miƙa masa hannu, ka ɗaga shi, ka karkaɗe masa baya. Mun sha yi maka tsiya cewa ka fi dacewa da aikin jinya. Sai ka yi dariyar nan taka mai kama da tashin tsohuwar tifa.

Da kuɗi suka buɗe a garin nan, otal-otal suka fara shirya reslin, aka ɗauke ka. Aka sa maka baƙar riga da sarƙa, aka ce kai ne mugu. Kana kurari, mata na ihu, yaran masu kuɗi na ɓuya a bayan iyayensu. Mu da muka san ka sai mu danne dariya, don mun san mugun nan shi ne ya goya mijin Mama Justina daga kan tudu har bakin titi ranar da ciwo ya kayar da shi, damina ta cinye hanyar mota. A reslin ɗin ma, in za ka maka mutum da ƙasa, tafin hannunka na ƙarƙashin ƙeyarsa. Ka ce mana wanda ya yarda ka ɗaga shi sama ya ba ka amanar ransa.

Daga nan ka koma faɗan keji, inda ake haɗa naushi da shuri da shaƙa, kuma babu shiri, na gaske ake yi. Dokarsa guda ce kowa ya sani: wanda aka shaƙe, in ya bubbuga jikin abokin karawarsa, ya sallama ke nan. Abin da ka fara koya mini kafin naushi shi ne saki. Ka ce, "Mubarak, da ka ji bugu, buɗe hannu. Kada ka jira alƙali, numfashin mutum ba ya jiran kowa."

Wannan halin naka suka nazarta, da shi suka kashe ka.

Ranar Asabar ka haɗu da Datti Gatari, yaron mai shirya wasan, wani oga mai gida a Maitama da ba zan ɓata takardata da sunansa ba. A zagaye na biyu ka shaƙe Datti har idanunsa suka firfito. Ya bubbuga cinyarka ta ɓangaren da alƙali ba ya gani. Ni na gani, na layin gaba sun gani. Ka saki wuyansa, ka miƙe, ka sunkuya ka ba shi hannu kamar yadda ka saba tun a yashin Mpape. Shi kuwa ya kama hannun, ya fizgo ka, ya tarbe ka da gwiwa a gefen kai. Kana kwance ya ci gaba da duka. Na jefa tawul, na hau ragar ina ihu, alƙalin nan yana tsaye kamar an dasa shi. Da aka tambaye shi, cewa ya yi bai ga bugu ba. Aka ɗaga hannun Datti, aka saki kiɗa, ana jan ka a ƙasa.

Ranar sadakar uku ogan ya zo. Motarsa ta kasa hawa tudunmu, ya tako a ƙasa yana toshe hanci, yaransa na biye da buhun shinkafa. Ya durƙusa gaban mahaifiyarka, Inna Saudatu, ya ce, "Mama, sorry fa. Wasa ne, accident ne, kowa da ranarsa." Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗana hannu ya miƙa. Ku ɗauke buhunku." Sai da suka sauka da shi a kai.

Malamai sun yi mini nasiha, sun ce ajali ne. Na yarda ajali ne. Amma ajalin nan da gwiwa ya zo, kuma na san mai gwiwar. Ban yafe wa Datti ba, ban yafe wa alƙalin ba, ban yafe wa wanda ya tsara abin yana zaune a kujerar gaba yana tafi ba. Allah Ya isa tsakaninmu da su, Ya hana su barci kamar yadda suka hana matarka Mashkura, wadda aka bari da takaba da goyo.

Sun sanar cewa Datti zai kare kambunsa bayan sallah, suna neman wanda zai shiga. Na ba da sunana, sun karɓa suna dariya, don a wurinsu ni ɗan riƙe tawul ne. Sun manta a hannun wa na koyi shaƙa. Kullum da asuba ina yashin nan ni kaɗai. Na san in na kama wuyansa zai bubbuga, kuma na san muryarka zan ji tana cewa in buɗe hannu. Yaya, ban taɓa saɓa maka ba. Amma yau ba zan yi maka alkawarin da ban tabbatar zan cika ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya miƙo maka rahamarsa kamar yadda ka miƙa wa kowa hannu. Ina yi wa Inna Saudatu ta'aziyya, da matarka Mashkura, da 'yarka Yusra, da Mama Justina wadda har yau ba ta hura wuta ba, da dukan mutanen Mpape. Allah Ya ba su haƙuri. Ni dai kada kowa ya roƙa mini shi sai bayan sallah.