Hasken da Baba Ya Jira

Babanmu tela ne a Zurmi. Duk Alhamis yakan ɗauki rigunan da ya ɗinka ya kai kasuwar Shinkafi. Ba da jimawa da ba mu jiharmu ta Zamfara ba, yayana, wanda ya karanci kimiyya, ya samu tafiya Ingila ƙaro ilimi. A daidai lokacin ne idon Baba ya fara ba shi matsala. Gabansa yana gani ras, amma in mutum ya zo ta gefe sai ya yi magana ya san da shi.

Ba mu da waya a lokacin, kaset Yaya yake aiko mana in ya samu mai zuwa gida. Ni ina aure a Kaura Namoda, hannuna yake fara isowa, in kai Zurmi mu zauna mu saurara. A wani kaset ya ce yana aiki a kan wani haske mai suna leza. Baba ya ce a mayar da wurin baya. Ashe ya taɓa ji a rediyo cewa da leza likitocin Turai suke gyara ido.

Shi ke nan, magana ta zauna masa. Na yi magiya, mijina ya yi, a kan mu kai shi asibitin ido. Sai ya ce, "Ke ɗiyar ga, ɗana na can shina koyon abin, in tahi in ba wani idona? Bari shi taho."

Baba in ya kafe, sai dai ka gaji ka bari. Mun faɗa wa Yaya a kaset, ya amsa cewa aikinsa ba na asibiti ba ne, a gaggauta kai shi. Baba ya yi dariya, wai tun Yaya yana yaro haka yake, ba ya son a yabe shi. Raina ya ɓaci ranar, har na tashi ban ci abinci ba.

Ganin ya yi ta tsukewa. Ya daina zuwa Shinkafi, daga baya ya rufe keken ɗinkin da zane. Duk da haka kowa ya zo gaishe shi sai ya ji labarin ɗansa da haskensa.

Yaya ya zo hutu a shekarar da aka fara shari'a, gari ya cika da zancenta, mu kuwa zancenmu ɗaya ne. Bayan la'asar Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce, "To, ina abin?"

Yaya ya fito da wani ɗan gilashi kamar faɗin akwatin ashana. Tsaraba ya kawo, don mu ga abin da yake yi. Ya ce a ciki akwai wata irin roba da ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba, an matse ta tsakanin madubi biyu. In aka haska ta a ɗakin bincike sai ta ba da nata hasken, ya yi ta kai da komo tsakanin madubin har ya haɗu ya yi ƙarfi, ya fito siriri. Yana cikin bayani sai ya ga Baba ba saurare yake yi ba. Baba ya cire hula, ya ɗaga kai, ya sa yatsu ya buɗe fatar idanunsa biyu yana jira.

Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba. Yaya ya durƙusa ya riƙe hannuwansa ya sauke su, ya ce, "Baba, wallahi ba ya magani." Sai ya fashe da kuka.

Washegari muka kama hanyar Kaduna, Baba bai yi musu ba. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu. Ya ce da an zo da wuri, da an tsare abin da ya rage.

Muka kamo hanyar dawowa a mota. Mun wuce Gusau sai Baba ya ce, "Hasken ga naka, wa shika warkarwa?"

Yaya ya ce, "Ba kowa tukuna, Baba. Bincike ne."

Baba ya ce, "Allah shi sa albarka. Ka koma ka ƙare abinka."

Da muka shigo Kaura na ce su sauke ni a bakin layinmu. Baba ya laluba ya kamo gefen gyalena, ya ce a fara tsayawa a kasuwa, in shiga in zaɓo masa sanda mai ƙwari.