Hoton da Ke Bangon Sirajo

Sirajo ya zo Kuala Lumpur karatun kwamfuta. Karatun bai karɓe shi ba, shi ma bai matsa masa ba, sai ya zama ejan. Duk yaron da iyayensa suka turo kwaleji a Bukit Jalil, Sirajo ne zai tarbe shi a filin jirgi, ya sama masa ɗaki "mai kallon gari", wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Ni maƙwabciyarsa ce, abinci nake dafa wa ɗalibai, a bakinsu nake jin kukan. In Sirajo ya ce maka rana ta fito, leƙa ka gani da idonka.

Abu ɗaya na sani gaskiya ne a rayuwarsa, shi ne hoton da ke bangon falonsa. Shekarar da ya zo aka ɗauke shi, a wani tsibiri can gabashin ƙasar. Ga shi siriri a ƙarƙashin ruwa, murjani kewaye da shi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kifaye na ratsawa. Mijina na cikin jirgin ruwan da ya kai su a ranar, shi ya sa na yarda. Mutum ɗaya ce kuma ke gaskata duk abin da ya fito daga bakinsa, 'yarsa Afnan. Tun tana rarrafe yake ɗaga ta zuwa hoton, yana cewa ranar da ta iya iyo zai kai ta.

Yana da wata ƙatuwar mota da ba ya kashewa. Sai ya ajiye ta a bakin mamak, wato shagon shayi da abinci na nan ƙasar, injin na ruri, ya shiga ya sha shayi ya yi ta cika baki, wai kada ya dawo ya tarar kujera ta yi zafi. Wata rana Walida, ƙanwar matarsa da ke nazarin teku a jami'a can Pantai Dalam, ta kasa haƙuri.

"Yaya Sirajo, hayaƙin nan fa teku ke shanye shi, da naka da na tashoshin wuta da na masana'antu. Ruwan na ƙara zafi, yana ƙara tsami. Zafin ya kashe murjani, tsamin ya hana shi sake gina jikinsa."

Ya yi dariya har da dukan tebur. "Tsami? Teku ce ko kunun tsamiya? Haba Walida, relax lah. Abin da Allah ya yi, salansar motata ce za ta ɓata?"

Na san ba motarsa kaɗai ba ce. Amma irin su Sirajo ne suka cika duniya, kowa na cewa nasa bai taka kara ya karya ba, alhali da yayyafi kogi kan cika. Ya ci gaba da sayar wa ɗalibai tafiyar tsibiri da wannan hoton, shi bai sake komawa ba. In sun dawo suna ƙorafi, ya ce ba su iya kallo ba.

Bana Afnan ta iya iyo a wurin wankan iyo na gidanmu na haya. Sirajo ya yi shela a bene duka, ya kwashi iyali sai tsibiri. Matarsa Surayya ce ta ba ni labarin sauran. Suka nutsa, suka tarar da murjanin ya yi fari fat kamar ƙashi, wani ya ruguje, gansakuka ta lulluɓe shi, kifin ma sai jefi-jefi. Ya sa mai jirgi ya yi ta sauya wuri, duk kanwar ja ce. Afnan ta cire gilashin ruwa.

"Abba, ba nan ba ne."

"Nan ne, wallahi nan ne. Ga dutsen can, a hoton ma yana nan."

Ta daɗe tana kallonsa. "Kai ka yi masa kala a waya, ko? Kamar hotunan ɗakunan da kake tura wa mutane."

Ya rantse, ya kira sunan mijina shaida. Ta ce, "Ba komai, Abba," yadda ɗalibai ke ce masa idan sun gaji da shi.

Ni ban tausaya masa ba ko kaɗan, yarinyar na tausaya wa. Hoton na nan a bango. Jiya da na kai musu tuwo ya kira ta ta zo ya nuna mata dutsen, ta ce tana da aikin makaranta.